Mai Sito Ya Fitar da Faifai

Idan ana ambaton abubuwan da Allah Ya albarkaci Wudil da su, sai ka ji an ce kogi, an ce gada, an ce kasuwar shanu ta ranar Juma'a. Wannan rashin adalci ne muraran. Kogi ruwa ne kawai, gada siminti, shanu kuwa yau suna nan gobe suna Kudu. Amma Alhaji Abdulbaƙi Mai Kujeru yana nan daram, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa garin bai san abin da yake da shi ba. Wa ya isa ya musa? Mutum ai shi ya fi kowa sanin darajar kansa.

Sana'ar Alhaji ba ɓoyayya ba ce. Shi ke ba da hayar kujerun roba da rumfuna da lasifika. Biki, suna, walimar sauka, taron siyasa, duk inda mutum uku suka taru a Wudil, a kan kujerarsa suke zaune. Shekara ashirin ya yi yana tsayawa a gindin lasifika yana gadin kayansa, kada wani ya hau masa kujera da ƙafa. A wannan tsayuwar ce ya gano cewa ya san kiɗa fiye da makaɗa. Kunnensa na hagu ma ya ɗan toshe saboda tsabar ilimi.

Ana nan, wata rana aka sauke masa lodin sababbin kujeru daga Legas, sai ga wani kwali a ciki wanda ba nasa ba. Direba ya rantse bai san mai shi ba. Alhaji, da yake mutum ne mai tsoron Allah, ya jira mai kaya har tsawon kwana biyu cur kafin ya farke. A ciki akwai wasu ƴan ƙananan jita guda huɗu, kowace da tsirkiya huɗu, ba su fi a rungume su da hannu ɗaya ba. Matarsa Hajiya Suwaiba ta leƙo, ta dube su, ta ce, "Alhaji, garayar jarirai ka fara sayarwa?"

Bai kula ta ba, don manya ba sa biye wa jahilci. Ya ɗauki hoto ya tambayi wayarsa, waya ta ce masa sunan abin yukulele. Ta kuma nuna masa wasu Turawa a jere suna kaɗawa, gabansu wani mai farin gashi yana ta wurga hannu da ɗan sanda, jama'a na tafi. Alhaji bai ga makaɗan ba. Mai sandan ya gani.

Washegari bayan La'asar ya isa majalisarsu ta bakin tasha, ya ƙi zama.

"Jama'a," in ji shi, "daga yau kada wanda ya ƙara ce mini Mai Kujeru. A ƙasashen da aka ci gaba, jagoran makaɗa sunansa Mayestiro. Haka za ku riƙa kira na, ku da ƴaƴanku."

Majalisa ta shiga juya kalmar a baki. Can wani dattijo ya ce, "Au, Mai Sito? Ai da ma kana da sito a bayan tasha." Aka ce wallahi haka ne, suna ya dace. Kafin Magariba duk Wudil ta ɗauka. Har yau in ka ce Mayestiro ba wanda zai gane, amma ka ce Mai Sito, ko akuya ta nuna maka gidan.

Jagora ba ya yiwuwa sai da waɗanda zai ja. Alhaji ya zaɓo mutum uku. Akwai Saifuddeen tela, mai yatsu kamar walƙiya. Akwai Maikano mai aski, wanda hannunsa bai taɓa rawa ba. Sai Garzali, malamin firamare ɗan Lajawa, mutum mai kunya, wanda ba a san yana da murya ba sai ranar da aka ji yana rera wata waƙa a hankali yana jiran a gama yi masa aski. Kullum bayan La'asar su rufe sana'arsu su taru a siton, tsakanin tulin kujeru, su jingina waya a jikin bulo suna kallon yadda ake ɗora yatsu.

Abin mamaki, sai abin ya karɓe su. Wata shida aka yi, tsirkiya ta fara magana a hannunsu. Suka riƙa ɗauko waƙoƙin zamani da matasa ke kunnawa a babur da shagon caji, na soyayya na finafinai da na rawa na mutanen Legas, su cire musu ganguna da hayaniyar inji, su bar tsirkiya kawai da muryar Garzali. Sai waƙar da ka saba jin ta kamar faɗan ƴan tasha ta koma kamar yayyafi a kan kwano. Mata masu tuyar awara suka fara matso da kaskonsu kusa da ƙofar siton. Tsofaffin da ke kiran waƙoƙin nan shashanci aka kama su suna gyaɗa kai.

Shi kuwa Mai Sito bai zauna haka ba. Ya sa aka fesa wa nasa yukulelen fenti ruwan zinare, ya rataya shi a wuya. Kaɗawa ce dai bai samu sukuni ba, don zobba uku ne a hannun, kuma yatsun sun fi ƙarfin tsirkiya. Ya karyo eriyar wata tsohuwar rediyo ya mai da ita sandar jagora.

"Shugaba ba ya kiɗa," ya kan ce, "shugaba nuni yake yi. Ku dubi sandata. Duk daɗin da kuke ji, daga nan yake fitowa."

Mutanen uku suka yi shawara a tsakaninsu, suka gano sirrin kiɗa mai kyau: kada kowa ya kuskura ya dubi eriyar.

Fitarsu ta farko a bikin ƙanwar Maikano ce. Wani ya ɗauke su a waya ya watsa, cikin kwana uku hoton ya zaga har Kano. Alhaji ya sa tabarau ya zauna karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wannan ya ce, wane ne mai muryar nan? Wancan ya ce, Allah Ya yi wa mai waƙar nan albarka. Ya yi ta gangarawa yana neman inda aka ambace shi, har ya samu guda ɗaya. Wata baiwar Allah ce ta tambaya ko baban nan mai eriya ƙuda yake kore musu.

Ranar bai ci tuwo ba. Da safe ya tara su ya ce lokaci ya yi da za a fitar da faifai, duniya ta san wa ke da ƙungiya.

Garzali ya fi kowa murna. Ya je Lajawa takanas ya gaya wa mahaifiyarsa, Hansai, cewa za a sa muryarsa a faifai, har da sunansa a jiki. Tsohuwa ta ce ita dai ba ta san faifai ba sai na rufe ƙwarya, amma Allah Ya sa alheri ne. Ya ɗauki hutun kwana biyu a makaranta, Saifuddeen ya ajiye ɗinkin Sallar mutane, Maikano ya kulle shago, suka bi Alhaji Kano, wani situdiyo a saman bene.

Ranar farko aka ɗauki waƙa goma. Mai situdiyon, wanda ya ji muryoyi iri-iri har ya daina mamaki, ya cire abin kunnensa ya dubi Garzali ya ce, "Malam, da ma kana ina?" Wannan tambayar ce ta ɓata komai. Alhaji ya ji ta da kunnensa mai kyau.

Rana ta biyu ya sa aka kunna masa abin da aka ɗauka. Ya lumshe ido, ya taɓe baki, ya girgiza kai.

"Da sauransa. Muryar nan ba ta da nauyi. Murya ce ta mai albashi. Waƙa kuwa tana son muryar wanda ya ga jiya ya ga yau. Matsa, Malam Garzali, ka ga yadda ake yi. Kai ka riƙa amshi."

Ya naɗe hannun babbar riga ya shiga ɗakin gilashi.

Ba a son a yi wa bawan Allah ƙarya. Muryar Alhaji tana da nauyi. Irin nauyin kukan bijimin da aka ɗaure a kasuwar kara ranar Juma'a ya hango an loda ƴan'uwansa a tirela. Ga dattijo mai shekara hamsin da takwas, da furfura a gemu, yana kururuwar cewa zuciyarsa na bugawa in ya hango masoyiya a bakin famfo. In kiɗa ya yi gabas, shi ya yi yamma, su haɗu a ƙarshen baiti bisa tsautsayi. A tsakiyar kowace waƙa kuma sai ya dakata ya yi wa kansa kirari: Abdulbaƙi giwa, mai rumfa dubu, inuwar Wudil.

Mai situdiyo ya ce ba komai, akwai injin da ke gyara murya. Ya zuba muryar Alhaji a ciki. Kwamfuta ta yi tsaye cak, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ita ma ta tsaya saurare."

Garzali ya yi ta maza, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, ni kam ko an sanar da masu waƙoƙin nan? Kayan mutane ne fa."

"Sanarwa? Yaran nan su ne za su zo har Wudil su durƙusa su yi mini godiya. Na tsinci waƙoƙinsu tsirara a titi, na sa musu babbar riga da hula. Wanda ya yi wa maraya sutura ake tambaya izini?"

A motar komawa Alhaji ne kaɗai ke ta zuba. Garzali ya jingina kai da gilashi yana kallon gonaki suna wucewa, yana tunanin abin da zai ce wa tsohuwa.

Da bangon faifan ya fito, abin ya ƙarasa. Sunansa Daga Wudil Zuwa Duniya. Ga Alhaji ya cika bangon tun daga sama har ƙasa, da zinariyar yukulele a ƙirji da eriya a sama. An yi hoton ne su huɗu, amma da aka zo bugawa sai wuri ya yi kaɗan. A gefen dama, in ka ƙura ido, za ka ga gwiwar hannun Saifuddeen. Sunayensu kuwa an taƙaita su a kalma biyu: da yaransa. Maikano yana da ƴaƴa biyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe tukuici.

Garzali ya juya bangon gaba da baya. Sannan ya ɗora yukulelensa a kan wata kujera a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri, ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Alhaji." Ya fita. Alhaji ya ce a bar shi, hassada ga mai rabo taki ce.

Aka sa ranar ƙaddamarwa, Asabar bayan La'asar, a wani fili. Alhaji ya kwashe siton kaf, ya jera kujeru har ido ba ya ganin ƙarshensu. Ya aika wa manya katin gayyata mai ruwan zinare. Manya suka turo wakilai, wakilai suka turo uzuri. Waɗanda suka zo su ne dangi, da surukai da ba su da yadda za su yi, da masu awara, da wasu tumaki da suka ga inuwa. Ya yi jawabi na awa ɗaya da rabi. Ya faro daga tarihin kiɗa tun zamanin Annabi Dawuda, ya biyo ta kan haihuwarsa, ya tsaya nan.

Da aka zo rabon faifai aka tuna wani ɗan ƙaramin abu: ba mai na'urar kunna shi a garin tun shekaru goma da suka wuce. Wani tsoho ya ɗaga nasa ya duba fuskarsa a ciki, ya ce zai yi kyau a keke. Alhaji ya ce ba damuwa, yanzu kowa zai ji da kunnensa. Ya ba da umarni a kunna a manyan lasifikansa.

Tsirkiya ta fara, sanyi-sanyi, mutane suka gyara zama. Sai murya ta shigo. Wani jariri ya canyara kuka. Tumaki suka fara ficewa, cikin tsari. Nan take jama'a suka tuna ba su yi alwalar Magariba ba, alhali rana tana nan sama da tsawon gora biyu. Saifuddeen da Maikano suka dubi juna, suka ajiye kayan kiɗa, suka bi sahu, kuma ba su sake komowa siton ba.

A gida Hajiya Suwaiba ta ajiye masa abinci ta ce, "Kada ka damu, Alhaji. Kujerun dai sun saurara har ƙarshe."

Alhaji ya san matsalar. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Wudil ce ba ta da kunne. Ya tattara yukulelen nan ya kulle a sito, don kada butulai su mora. Butulan suka je wajen wani kafinta ya ƙera musu nasu da katakon maɗaci, suka ci gaba da zuwa bukukuwa su uku, Garzali na waƙa, mutane na zaune a kan kujerun da aka ɗauko haya wajen abokin gasar Alhaji.

Haka damina ta yi nisa, Mai Sito na ta cika yana batsewa. Sai wata rana mai tura waƙoƙi a waya na bakin tasha ya tare shi. Ya ce, "Alhaji, wai me ka yi wa mutanen Achika ne? Kullum sai an zo a ce in tura faifanka a memori. Yanzu ya fi komai tafiya a shagon nan."

Alhaji bai yi mamaki ba. Ya dai riƙe bango kaɗan.

Kwana biyu bayan haka wani manomi mai suna Malam Isyaku ya yi sallama a siton. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da ruwa da gajiya, ya ce daga wani ƙauye yake a yankin Achika, jama'a ne suka turo shi. Ƴan rediyoyinsu ba sa kai muryar Alhaji inda ake so. Suna neman manyan lasifika huɗu, na wata guda.

"Wata guda? Kullum kuke kunnawa?"

"Tun hantsi har faɗuwar rana, Alhaji."

"Su nawa ke taruwa?"

"Ai ba sa ƙirguwa, ranka ya daɗe. Dubbai."

Alhaji ya matso kusa. "To, in sun ji muryata, me suke yi?"

"Tashi suke yi gaba ɗaya. Ko ɗaya ba ya saura a zaune."

Hawaye ya cika idon Mai Sito. Ya gani a waya, haka Turawa ke miƙe wa mai sanda. Ya ce a ɗauki lasifikan kyauta, fasaha ba ta haya. Ya kuma ce a shaida wa masoyansa yana nan tafe ranar Laraba da kansa. Malam Isyaku ya ce to, Allah Ya kawo shi lafiya.

Irin wannan rana ba a yin ta a ɓoye. Alhaji ya gayyato Radiyya, wakiliyar wani gidan rediyo, don ta ɗauki tarbar da za a yi masa, mutanen Wudil su ji su mutu da kunya. Ya sa sabuwar shadda mai aska takwas, ya rataya zinariya, ya soke eriya a aljihu. A mota ya karɓe rikodar daga hannunta.

"Ki rubuta wannan, ƴata. Birni ya lalace. Kunne na gaskiya yana ƙauye, wajen talaka mai zuciya wankakkiya. Ni ban nemi suna ba, suna ne ya biyo ni har gona. Abin da nake roƙon masoyana kawai, kada a yi turereniya. Kowa zai samu ya taɓa ni."

Mota ta bar kwalta, ta bi burji, ta bar burji ta bi turba, ta tsaya inda turba ta ƙare. Ba rumfa. Ba kujera. Gero ne ya yi kai, iya ganinka, zangarniya ta sunkuya da nauyi. A kusurwa huɗu an kafa dirkoki, an ɗaure lasifikan Alhaji a sama, ga batir da faifan sola a ƙasa. Malam Isyaku da manoma kamar goma suka taso da fara'a, aka yi gaisuwa mai tsawo.

"Ina jama'ar?" in ji Alhaji yana gyara hula.

"Yanzu za ka gan su, lokacinsu ya yi."

Bai rufe baki ba sai gabas ta yi duhu. Wani baƙin girgije ya taso yana murɗawa, yana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Jan-baki ne, tsuntsayen nan masu cinye gona kafin mai ita ya gama salati. Suka sauka a kan geron kamar an shimfiɗa bargo. Malam Isyaku ya durƙusa ya danna maɓallin kunnawa.

Tsirkiya ta fara. Tsuntsaye suka yi tsit, wasu har da karkata kai. Sai Alhaji Abdulbaƙi ya buɗe baki ta lasifika huɗu, yana shaida wa masoyiya cewa zuciyarsa na bugawa.

Gaba ɗaya suka tashi. Ko ɗaya bai saura a zaune ba.

Manoma suka ɗauki kabbara. Suka kewaye Alhaji suna riƙe masa hannu, da gaske suke, ba zolaya. Wani tsoho ya ce shekara uku ke nan bai kai gero rumbu ba, sai bana ya ga alamar zai kai. Sun gwada gwangwani, sun gwada mutum-mutumi, sun gwada majaujawa, duk a banza. Allah Ya saka wa Alhaji da alheri, Ya ƙara wa maƙogwaronsa lafiya. Alhaji na tsaye, takardar jawabi a hannu, baki buɗe. Radiyya kuwa ta zare rikodarta daga hannunsa a hankali, ta miƙa ta saitin bakin Malam Isyaku, ta ce ko yana da saƙo ga Alhaji, jama'a na saurare.

Malam Isyaku ya sosa ƙeya, ya sunkuyar da kai don girmamawa.

"Godiya ce kawai, Hajiya. Sai ɗan roƙo guda. Tun shekaranjiya mun lura wasu tsuntsayen sun fara sabawa da wannan waƙar. Ranka ya daɗe, ko kana da wadda ta fi ta muni?"